Burodin Renata da Gwajin Ranar Laraba

Kwarin Tadlock, West Virginia
5 ga Oktoba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Nadine,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Curtis da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ki. Idan haka ne, na gode wa Allah. Mu ma lafiya muke. 'Yata Opal ta fitar da haƙora biyu a ƙasa, duk abin da ta samu sai ta kai baki, har bangon littafina bai tsira ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Kin san kwarin nan, waya ba ta kamawa sai an hau tudun coci, kuma maganar da ke cikina ba ta faɗa a tsaye cikin iska ba ce.

Tun da injin katako ya rufe a watan Yuni, babu inda maigidana Dalton bai taka ba neman aiki. A ƙarshe muka haɗiye girman kai, ranar Litinin muka shiga gari ofishin tallafi. Matar da ta karɓe mu sunanta Misis Tackett, gilashinta a ƙarshen hanci, ba ta murmushi amma ba ta wulaƙanci. Ta ba shi takardar tambayoyi. Kin san Dalton bai iya ƙarya ba, sai ya rubuta cewa an taɓa kama shi da ƙwayoyin kashe zafi babu takardar likita, lokacin da gungume ya danne masa baya. Ta karanta, ta ce to doka ta ce sai an yi masa gwajin fitsari kafin a ba mu katin sayen abinci. Ta sa ranar Laraba, sha takwas ga wata.

Shi kuwa dariya ya yi. Ya ce, "Madam, kofi ya yi kaɗan, ku ba ni bokiti in cika muku. Shekara huɗu da wata bakwai ko maganin ciwon kai sai na yi shawara da kaina." Ta ce, "Kofin ya ishe mu." A hanya yana ta kwaikwayon muryarta har sai da na yi dariya.

To, ba gwajin ne ya sa na ɗauki biro ba, Yaya. Renata Soltis ta dawo.

Kin tuna ta. Ita ce budurwarsa tun suna makaranta, wadda kowa ya ɗauka ita zai aura. Ta yi shekara tara tana aikin jinya a Pittsburgh, auren ya mutu, ta tattaro ta dawo gidan mahaifiyarta. Yanzu ita ke rabon kayan abinci a coci. Ba ta yi ƙiba ba, ba ta tsufa ba, na duba sosai. Tana tafiya kamar wadda ta san inda aka ajiye komai a duniya.

Asabar biyu ke nan tana kawo mana burodin nan na naɗi irin na danginta, mai baƙin irin wani fure da ake kira popi a ciki, wanda suke gasawa lokacin bukukuwa. Wai taimako ne ga maƙwabta. Da kin ga Dalton yana ci! Sai ya lumshe ido, ya ce, "Kai, wannan ya mai da ni kicin ɗin tsohuwa Soltis, ina ɗan shekara sha shida." Shekara uku ina dafa masa wake da burodin masara, bai taɓa lumshe mini ido ba. Na ce, "In ka isa kicin ɗin ka gaishe su." Ya ce, "Uwar karatu, wane shafi muke yau?" Haka yake kirana duk lokacin da na haɗe rai.

Ki yi mini dariya in kin so. Amma littafin da nake karantawa yanzu, na matar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, haka abin ya fara: tsohuwar masoyiya ta dawo gari da kwando a hannu. Na karanta irin waɗannan sun fi ɗari, kuma ban taɓa ganin wanda mace ta dawo da kwando don Allah ba.

Ki gaishe mini da Curtis, ki sumbaci yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lorna


18 ga Oktoba

Yaya Nadine,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Wasiƙarki ta iso, na gode da safar Opal. Na ga inda kika ce in rage karatu in ƙara barci. Na ji.

Yau da safe Dalton ya je gwajin, ya dawo yana fito. Sai mako mai zuwa sakamako zai fito, amma hankalinmu kwance yake. Labarin da zan ba ki na nasara ne.

Na koyi burodin! Na samo tsarin a wani tsohon littafin girki na matan coci. Irin popi na shagon gari ɗan mitsitsin kwalba ne, ba zai yi komai ba, sai na sa mai shagon kayan gona ya kawo mini ƙaramin buhu, ɗanye, yadda ya fito daga gona. Na farko ya ƙone, na biyu ya fashe a gefe, na uku ya fito kamar hoto. Littafin ya ce kofi ɗaya da rabi na irin, ni uku na zuba. Na ce in nata yana da baƙin zare a tsakiya, nawa sai ya zama baƙin kogi.

Ranar Asabar ta zo, Dalton ya tafi sarar itace. Na buɗe ƙofa iya faɗin fuskata don kada ta ji ƙamshin abin da nake gasawa. Ta miƙo burodi, sai na ga na tuffa ne, ba na popi ba. Na ce a raina, ashe irin ya ƙare miki. Ta ce, "Lorna, Fasto ya ce mini Dalton yana da gwaji, akwai maganar da nake so..." Na ce, "Opal na kuka, mun gode, a gai da Mama." Na rufe. Opal kuwa barcinta take. Wato har maganar gwajin mijina ta sani, har tana da ta cewa a kai.

Ta taga na hango ta a cikin motarta tana rubutu a kan gwiwa. Ta dawo ta zura takarda ta ƙarƙashin ƙofa, a ninke huɗu, an rubuta "Dalton" a bayanta da irin rubutun nan nata mai kwanciya.

Yaya, na ɗauki takardar nan. Ban buɗe ba. Matar kyaftin ma ba ta buɗe tata ba, ta ce mace mai daraja ba ta karanta abin da ba a rubuta mata ba. Gaskiyar kuwa tsoro na ji. In na ga kalma ɗaya ta soyayya, ban san yadda zan ƙara kallonsa ba. Ban kuma ba shi ba. Na sa ta a shafi na casa'in na littafin, na mayar kan kanta. Na tuffan na kai wa kajin maƙwabta.

Da ya dawo na yanka masa nawa. Ya ci, ya tsaya, ya ce, "Renata ta zo?" Na ce, "Renata ba ta da hannu a nan." Ya kalle ni, ya kalli garin da ke gaban rigata, ya lumshe ido. Ya lumshe, Yaya! Ya ce, "Yarinyar nan, ashe ba karatu kaɗai kika iya ba." Na sa ya yi mini alkawarin ba zai gaya mata ba, don kada ta ce na sace mata girki. Lahadi ya ci, Litinin ya ci, jiya ya ci, yau kafin ya fita na ba shi yanka uku da kofi don kada ya je da yunwa. Na gasa shida, sauran suna firiza.

Ina jin na rufe wannan babin tun bai yi nisa ba.

Taki har kullum,
Lorna


27 ga Oktoba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, ba a natse nake ba.

Gwajin ya nuna ƙwaya. Irin dai waccan ta da.

Misis Tackett ta zaunar da mu ta karanta, ba ta ɗaga murya ba. Dalton ya ce a sake karantawa. Ta sake. Ya ce, "Madam, kofin wani kuka ɗauka." Ta ce kofin yana da sunansa da sa hannunsa a kan murfi, kuma an duba sau biyu. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce babu. Ta ce, "Kowa haka yake ce mini a kujerar nan, ɗana. Komawa ba abin kunya ba ne, ƙin faɗa ne yake ɓata lokaci." An cire sunansa daga tallafin sai ya shiga ajin masu barin ƙwaya. Rabon Opal kuwa ba ya taɓuwa, amma sai an damƙa katin a hannun wanda gwajinsa ya fito tas. Ni ce uwa, ni za a ba. Za a gwada ni ranar Litinin.

A cikin a-kori-kura bai tada mota ba. Ya riƙe sitiyari ya ce, "Lorna, na rantse da ran Opal ban taɓa komai ba." Kin san abin da na yi? Na leƙa ƙwayar idonsa, in ga ko ta tsuke kamar yadda take yi a wancan lokacin. Ya gan ni ina leƙawa. Ya tada mota muka koma gida.

To me zan yi tunani? Shekara huɗu yana tsaye, sai matar da ta yi shekara tara cikin magunguna ta dawo gari, wata guda bai cika ba ya faɗi. Ma'aikaciyar jinya fa. Wa ya fi ta sanin inda ake samu? Duk sarar itacen nan da yake tafiya, na san ina yake zuwa? Na zazzage aljihunansa, na duba akwatin kayan aikinsa, na cusa hannu cikin takalman farauta. Ban samu komai ba. A littattafai ma ba a samu da wuri.

Jiya a coci ta nufo shi, fuskarta kamar an yi mata mutuwa. Na ji ta ce, "Haba Dalton, bayan duk abin da..." Na shiga tsakani na ce, "Bayan duk me? Ƙarasa mana, mu ma mu ji." Ta kalle ni, ta kalle shi, ta juya. Na ce masa in ya ƙara yi mata magana zan ɗauki Opal in taho wurinki. Ya ce, "Ba sai kin yi barazana ba. Ita ma kallon da kika yi mini ta yi mini."

Ba ya cin abinci. Yana zaune a baranda yana fere itace har ya zama tsinke. Burodin da na gasa masa ni nake ci, ina kuka ina karatu ina yanka. Biyu sun tafi.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da Curtis, amma kada ki gaya masa tukuna.

Ƙanwarki,
Lorna


8 ga Nuwamba

Yaya Nadine,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ga saƙonki cewa za ki taho. Kada ki bar aikinki, zuwanki ba zai gyara ba, don sun ce mai riƙe katin dole ya kasance mazaunin gundumar nan.

Nawa gwajin ma ya nuna ƙwaya.

Ni, Yaya. Ni da ko giya ban iya sha ba a ranar aurena. Na yi dariya a gaban Misis Tackett don na ɗauka wasa take. Da na ga ba wasa ba ne na fara rantsuwa, da Allah, da kabarin Mama, da ran Opal. Ina cikin yi na ji bakina yana faɗin kalmomin da Dalton ya faɗa mini a mota, ɗaya bayan ɗaya. Ta cire gilashi ta kalli idona. Yanzu na san yadda kallon nan yake a jiki.

Da muka fito na kasa ɗaga kai. Dalton ya buɗe mini ƙofar mota ya ce, "Ni na yarda da ke." Shi ke nan abin da ya ce. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da yake uwa da uba duka ne, sai aka sanar da ma'aikatan kare yara. Wata mata ta zo da allon rubutu, ta buɗe firij, ta duba gadon Opal, ta tuɓe ta ta duba jikinta. Ta ce in daina ba ta nono nan take. Ta ce za ta riƙa zuwa ba sanarwa, kuma ranar ashirin da biyu za a zauna a yanke ko Opal za ta ci gaba da zama a hannunmu. Na karanta wannan layin da na rubuta sau uku, har yanzu ban yarda ni na rubuta shi ba.

Katin kuwa sai an sami mai riƙewa. Mahaifiyar Dalton tana gidan kula da tsofaffi, ke kina Ohio. Fasto ya tambaya a coci, mutum ɗaya ta ɗaga hannu. Kin san ko wace ce. Ta je ta yi gwaji, nata ya fito fes.

Yanzu Renata Soltis ce ke saya wa 'yata madarar gwangwani. Ita ke zaɓen kunzugu. Opal ta ƙi karɓar fida a hannuna, don tana jin ƙamshin nono a jikina, sai ta yi ta tura kai cikin rigata tana ihu, ni kuma ƙirjina ya cika kamar dutse. Kwana biyu muna haka. Renata ta zo da kaya ta tarar da mu, ta ce, "Kawo ta, ke fita baranda inda ba za ta ji ki ba." Na fita. Ta taga na ga 'yata kwance a hannunta tana zuƙa, ta kama mata yatsa. Dalton yana tsaye a bayansu. Wanda bai sani ba zai ce hoton iyali ne.

A wurin na gama haɗa labarin a kaina. Na ce wannan matar ta zuba mana wani abu a kayan abincin coci. Ta kayar da shi, ta kayar da ni, ta karɓi kati, saura 'ya, saura miji. Na ce ina da shaida kuwa, da rubutun hannunta. Tana tafiya na sauko da littafin na buɗe shafi na casa'in.

Ga abin da ke ciki, na kwafe miki harafi da harafi:

"Dalton, kada ka ci burodin popi ko yanka ɗaya har sai an gama gwajin. Irin daga furen da ake yin maganin yake fitowa, yana iya nunawa a fitsari, na sha gani a asibiti. Shi ya sa na kawo na tuffa. Ka gaya wa Lorna ma. Allah ya ba da sa'a. R."

Babu ko kalma ɗaya ta soyayya. Na juya bayanta, na ɗaga ta a hasken taga, wai ko akwai wani abu. Sai na tuna safiyar Larabar nan, ina tura masa yanka na uku ina cewa ci ka ƙoshi. Na tuna ni ma da shi na karya ranar nawa gwajin.

Buhun yana nan a ƙarƙashin kanta, ya rage rabi. Dalton yana waje yana gyaran mota, ina jin ƙarar spana. In na yi shiru, babu wanda zai taɓa sani, kuma ranar ashirin da biyu tana zuwa. In na faɗa, sai na faɗa a gabanta.

Zan rufe wasiƙar nan in fita wurinsa kafin in sake tunani.

Lorna


9 ga Disamba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, da fatan sanyin bana bai tayar miki da gwiwa ba. Nan ƙanƙara ta rufe tudun coci. Na san na bar ki cikin zullumi wata guda da 'yan layuka biyu a kati. Ga cikakken labarin.

Opal tana hannunmu. Bari in fara da wannan don ki sami numfashi.

A ranar nan na fita na miƙa wa Dalton takardar, ya goge hannu ya karanta. Ya ce, "Yaushe ta kawo?" Na ce Asabar kafin gwajin. Ya ce, "Ina take tun lokacin?" Na ce cikin littafi. Sai ya fara dariya, ya dafa mota yana yi har hawaye. Ya ce, "Wato burodi! Na yi mako biyu ina tunanin ko tafiya nake cikin barci ina haɗiyar ƙwaya, ashe uwar karatu ce ke ɗura mini da kofi." Daga nan dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Burodin ba komai, don ni kika yi. Takardar ma zan iya haɗiyewa. Amma na rantse miki da 'yarmu kika leƙa idona." Na ce na sani. Ya ce, "To ɗauko buhun."

Muka je gidan Soltis. Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba, alhali minti biyar ce. Renata ta saurare ni har ƙarshe, hannu a ƙugu. Ta buɗe buhun ta shinshina. Ta ce, "Kin wanke?" Na ce ana wankewa? Ta ce, "Kin tafasa?" Na ce a'a. Ta ce, "Kofi nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Uku! Yarinya, wannan ai sai ya kwantar da doki." Ta juya wurin Dalton ta ce, "Kai kuma sarkin alkawari, bakinka ciwo yake da ba ka ce mini matarka na gasawa ba? Na ɗauka ka karanta takardata ka koma wa ƙwaya, na yi maka kuka a banza." Sannan ta dube ni ta ce, "Mijinki fa tun yana sha shida yake tauna da baki buɗe. Na gama da wannan tuntuni. Riƙe abinki."

Na so in ji daɗin maganar. Amma sai na ji haushin yadda ta san yana tauna da baki buɗe.

Ranar zaman muka shiga mu uku, ni da buhu da littafi da ragowar burodi ɗaya daga firiza. Akwai Misis Tackett, da matar kare yara, da wani dattijo mai yanke hukunci. Ya ce in karanta takardar da ƙarfi, na karanta. Ya ce me ya sa ban ba mijina ba. Renata tana kallon silin. Na ce, "Kishi nake, ranka ya daɗe. Na ɗauka wasiƙar soyayya ce." Ya ce me ya sa ban buɗe na tabbatar ba. Na ce matar da ke cikin littafin ba ta buɗe tata ba. Misis Tackett ta yi tari ta rufe baki da takarda. Ina jin wannan ne murmushinta na farko a bana.

Renata ta yi musu bayani da harshen asibiti. Dattijon ya ce shi ba ya yanke hukunci da labari, komai daɗinsa. Ya sa a kai buhun a duba, mu kuma a riƙa kiranmu gwaji ba sanarwa. Sau huɗu aka kira mu cikin mako biyu, duka suka fito tas. Ranar Talata aka rufe fayil ɗin Opal, aka mayar da sunan Dalton, aka ce katin ya dawo hannuna. A ajin da aka tura shi ma ya haɗu da wani mai sana'ar rufin gida, mutumin ya ce Dalton ya zo ya gwada shi aiki bayan Kirsimeti.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Da aka ce zan iya ci gaba da shayarwa, nonon ya riga ya ƙafe. Na matsa, na sha ruwa, na sha duk abin da tsofaffin coci suka ce, babu. Opal ma ta manta. Fida take so, kuma in Renata ta shigo sai ta miƙa mata hannu biyu tana tsalle. Ba ni da wanda zan kai ƙara. Ni na zuba kofi uku.

Dalton yana mini magana, yana wasa da Opal, ya koma cin abinci. Amma wani lokaci in na kalle shi sai ya buɗe ido da yatsu biyu ya ce, "Duba da kyau, likita." Yana yi kamar wasa. Ni da shi mun san ba duka ne wasa ba. Zan jira.

Jiya Renata ta kawo katin da kanta, tare da burodin tuffa. Na buɗe ƙofar gaba ɗaya. Na yanka a gabanta na ci, kuma Yaya, kada ki gaya wa kowa, ya fi nawa laushi nesa ba kusa ba. Har yanzu ba na son yadda rigar sanyi take zama a jikinta, ba na son yadda take kiran sunansa, ba na jin zan taɓa so. Da za ta tafi ta ciro takarda a ninke huɗu, wannan karon an rubuta "Lorna" a baya. Ta ce, "Tsarin kakata ne, har da yadda ake wankewa. Ko in zura miki ta ƙarƙashin ƙofa?"

Na karɓa na buɗe a nan bakin ƙofa, cikin sanyi, tana tsaye. Na karanta tun daga layin farko har na ƙarshe, na juya baya na duba, sannan na ce mata ta shigo ta sha kofi.

Ki gaishe da Curtis da yara. In za ki aiko mini da littattafai na Kirsimeti ki aiko, ban daina ba. Amma ki fara dubawa, in akwai wasiƙa a ciki da aka ƙi buɗewa, ki bar shi a shago.

Ƙanwarki mai ƙaunarki har abada,
Lorna